SARKIN KANO MUHAMMADU RUMFA DA TAKWARANSA NA BAKIN TEKU

Jawabin da wani ɗan'uwanmu, malamin lakwal, ya yi wa jama'ar Tarka a Belbeji



Na gode wa dattawa da suka ba yaro wuri ya yi magana gabansu. Abin da na kawo muku yau labarin wani sarki ne na Kano, sunansa Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gadon sarauta cikin shekara ta 1463, ya rasu cikin 1499. Zan kuma jingina labarinsa da na wani sarkin Turawa na ƙasar Fotugal, wanda suka yi zamani tare, ba su taɓa ganin juna ba, amma kuwa rijiya guda suka riƙa zura guga.

Littattafan tarihin da Faransawa suka kawo lakwal a zamanin mulkinsu cike su ke da sarakunan Faransa. Yaro ɗan Tanut ko ɗan Gangara ya kan haddace Sharlaman da Luwi na goma sha huɗu, da ranar da suka hau da ranar da suka mutu, in ka tambaye shi wa ya kafa kasuwar da ubansa ke sayen turkuɗi cikinta sai ya yi shiru. Har wasu suka ɗauka baƙar fata ba shi da tarihi sai tatsuniya. To, ga tarihi nan rubuce. Malaman Kano sun rubuta jerin sarakunansu da Larabci tun daga Bagauda, wani Bature mai suna Palmer ya juya shi da Turanci cikin 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa a Zariya. Daga nan na ɗebo yawancin abin da zan faɗa a kan Rumfa.

Watakila wani ya ce, mu mutanen Damargu ina ruwanmu da sarkin Kano? Da ruwanmu. Ku duba inda Allah ya ajiye mu. Abzin na arewa, ƙasar duwatsu da raƙuma, ba ta noma abin da zai ci da ita. Kano na kudu, ƙasar masaƙa da marina. Mu muna tsaka da rumbunan gero. Duk sa'ad da kasuwar Kano ta ci, geronmu ya yi daraja, mai raƙumi ya sami haya. Duk sa'ad da ta faɗi, mu ma mun ji a jikinmu. Saboda haka wanda ya kafa wannan kasuwa ya shafe mu, ko ba mu taɓa taka Ƙofar Mazugal ba.

Rumfa bai tarar da Kano kango ba. Kakansa Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ne tarihi ya ce ya fara mallakar raƙuma cikin sarakunan Hausa, a zamaninsa kuma hanya ta buɗe daga Barno har Gwanja, ƙasar goro. Sa'an nan ubansa Yakubu ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. A lokacinsa Abzinawa suka gangaro Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa, Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da lugga, Barebari da Larabawa suka yi ta shigowa. Watau dai sa'ad da Rumfa ya hau, baƙi sun cika gari, dukiya na shigowa ta kowace kusurwa, amma tsarin sarauta na nan irin na da, na ƙaramin birni. Aikinsa shi ne ya ɗinka wa Kano riga daidai da jikinta. Shi ne sarki na ashirin. Uwarsa Fadimatu mutuniyar Rano ce.

Tarihin ya ƙidaya masa abubuwa goma sha biyu da ya fara. Ba zan jera muku su duka ba, kada dare ya yi mana. Babba cikinsu a ganina ita ce kasuwar Kurmi. Ku da kuke fatauci kun san kasuwa ta wuce fili da rumfuna. Sai da mai tsaron kaya, da dillali wanda aka amince da shi, da mudun da kowa ya yarda da shi, da fatoma mai saukar da baƙo, da alƙalin da baƙo zai kai ƙara gare shi in ɗan gari ya cuce shi. In babu waɗannan, madugu ba zai jawo raƙumi ɗari biyar ya ratsa Tenere ya kawo kantun gishirin Bilma ba, ya gwammace ya sauke a wani gari. Rumfa ya gane wannan. Ya tara cinikin a wuri guda tsakiyar birni, gefen Jakara, ƙarƙashin idon sarauta. Yau fiye da shekara ɗari biyar ke nan, kasuwar nan tana ci. Ku gaya mini wane gini na gwamna ne ya yi wannan ƙarko.

Sa'an nan ya faɗaɗa ganuwa. Tun zamanin Gijimasu, wajen shekara ta 1100, aka fara ganuwar Kano, amma gari ya yi mata yawa. Rumfa ya ja ta ta wajen Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa har Kansakali. Ganuwar birnin Hausa ba gidaje kaɗai ta ke rufewa ba, har da gonaki da kududdufai, domin in maƙiyi ya kewaye gari a sami abin ci, mutanen ƙauye kuma su shigo da bisashensu. Ya kuwa bukace ta, gama yaƙi ya tashi tsakaninsa da Katsina, aka shekara goma sha ɗaya ana yi, ba wanda ya ci wani. Shekara goma sha ɗaya, jama'a! 'Yan'uwa biyu masu harshe guda, ana jayayya a kan wa zai riƙe bakin hanyar arewa, ƙarshe kowa ya koma gida da gawawwakinsa.

Cikin sabon filin da ganuwa ta rufe ya gina fada, wajen shekara ta 1480, ita ce a ke kira Gidan Rumfa. Kafin nan gidan da a ke ce wa Gidan Makama shi ne mazauninsa, yanzu an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ya kafa majalisar manyan 'yan sarki, Tara ta Kano, cikinsu da Galadima da Madaki da Wambai da Makama. Shi ya kawo kakaki da figini da takalmin gashin jimina, shi ya fara dawakin zage, shi ya fara fita sallar Idi a fili a Shadakoko. In kun ga hawan salla a Damagaram ko Agadas, kuka ji kakaki na tashi, to irin wannan ado ne Rumfa ya shigar Kano.

Yanzu bari in zo kan baƙon da ya sauka gare shi wajen shekara ta 1492, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili. Mutumin Tilimsan ne, ya zauna Tuwat cikin hamada, malami mai zafi ƙwarai, har rigimar da ya tayar a kan Yahudawan Tuwat ta jawo aka rushe ɗakin ibadarsu aka zub da jini. Ya taso ya sauka Abzin ya karantar, daga nan ya gangara Kano, ya je Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu wanda ya karɓi mulkin Sanwai cikin 1493. A Kano aka sare itaciyar da mutanen gari ke yi wa tsafi, aka gina masallacin Juma'a da hasumiya a wurin. Rumfa ya roƙe shi ya rubuta masa yadda a ke mulki bisa shari'a, ya rubuta masa ɗan littafi mai suna Tajuddini, babi takwas. A ciki akwai maganar kyautata niyya, da zaɓen waziri da ma'aji da alƙali, da binciken abin da hakimai ke aikatawa a ɓoye, da inda ya halatta sarki ya karɓi dukiya, da inda ya wajaba ya kashe ta. Ya hana cin hanci, ya hana ƙwace. Akwai kuma gargaɗi guda wanda ya yi ta nanatawa babi bayan babi, a kan sarkin da ke ɓuya ga talakawansa, ya nuna daga nan kowace masifa ke farawa.

Ku riƙe wannan gargaɗi, ku duba wanda aka yi wa shi. Ni dai na daɗe ina tunanin abin. Likita ba ya nanata magani sai ya ga ciwo. Sarkin da aka ce kada ya ɓuya shi ne wanda ya gina gida mai soro bayan soro, ƙofa bayan ƙofa. Shi ne ya fara ba bayi babanni manyan muƙamai, har da riƙon baitulmali, domin baba ba shi da ɗa balle ya yi kwaɗayin gadon sarauta, ba shi da dangi sai ubangidansa. Dabara ce ta karya ƙarfin 'yan sarki. Amma talakan da ke da kuka, da can ya tarar da sarki a ƙofar gida, yanzu sai ya bi ta hannun mutum biyar, kowane da abin da za a ba shi.

Akwai wanda ya fi wannan ɗaci, ba kuwa zan ɓoye shi don in yi wa sarki kwalliya ba. Tarihin nan da ya yabe shi, shi ne kuma ya ce Rumfa ya fara kame, ya sa a ke shiga gidajen bayin sarki ana ɗauko 'yan mata a kai fada, har aka ƙidaya masa mata dubu. Shi ya fara kulle. Ko da a ce marubuci ya ƙara gishiri a lissafin, kowace yarinya cikinsu tana da uwa. Ganuwar nan ma da mu ke yabo, da kan wa aka ɗauki ƙasarta? A nan Damargu mun san zafin bauta, akwai cikinmu waɗanda kakanninsu aka ja su da igiya bayan raƙumi. Ba zai yiwu mu zagi Bature a kan cinikin bayi mu yi shiru a kan namu sarakuna ba.

To, ina Fotugal ta shigo? Ku bi ni ta hanyar goro. Na ce muku tun zamanin Burja fatake ke zuwa Gwanja. Gwanja tana arewacin ƙasar da a ke kira Gana yau. Kudu da ita kurmi ne, inda goro ke fitowa, cikin kurmin nan kuma a ke haƙar zinariya. Wangarawa su ke sayenta su kai ta arewa, Jenne da Tambutu, raƙuma su ƙetare hamada da ita har Maroko da Masar, daga nan ta faɗa hannun Turawa da tsada. Turawa sun daɗe suna jin ƙanshin wannan zinariya ba su san ƙofarta ba. Mutanen Fotugal, ƙaramar ƙasa a ƙarshen Turai ta yamma, su suka ce bari su zagaya ta teku su shigo ta bayan gida. Cikin 1415 suka ci Sabta a Maroko. Cikin 1444 suka sauke mutum 235 da suka kamo daga gaɓar Afirka, suka raba su a garin Lagos na Fotugal kamar awaki. Cikin 1471 jiragensu suka iso gaɓar da ke kudu da kurmin zinariya.

Sarkin da ya ɗaure wannan al'amari shi ne Juwau na Biyu. Sunan nan a bakinsu daidai ya ke da Yahaya a bakinmu. An haife shi cikin 1455, ya hau cikin 1481, sa'ad da Rumfa ya shekara goma sha takwas bisa gado. Ubansa, Afonso na Biyar, mayaƙi ne mai sakin hannu. Ya ci Tanja da Arzila a Maroko cikin 1471, amma ya rabar da ƙasar sarauta ga manyan gidaje har suka fi sarki ƙarfi, kowane da sojansa da kotunsa. Ciwon da Rumfa ya yi wa magani da majalisa da babanni, shi ne Juwau ya tarar a gidansa. Shi kuwa da wuƙa ya yi nasa. Ya tilasta wa manya su durƙusa su yi masa mubaya'a, ya aika da alƙalansa cikin ƙasashensu. Da mai Baraganza, wanda ya fi kowa arziki a ƙasar, ya ƙulla makirci da Kastila, aka fille masa kai a dandalin Ebora cikin 1483. Shekara ta gaba ya kira mai Biseyu, ɗan'uwansa kuma yayan matarsa, ya soke shi har lahira. Wannan shi ne mutumin da suka yi wa laƙabi da cikakken ɗan sarki. In wani ya ce muku sarakunan baƙar fata ne kaɗai masu zub da jini, ku ba shi wannan labari.

Da hawansa ya aiki wani jarumi, Azambuja, da mutum 600, masu yaƙi 500 da magina da masassaƙa 100, har da duwatsun da aka sassaƙo tun daga Fotugal. Suka sauka cikin watan Janairu 1482. Sarkin wurin bai so ba, ya nuna musu gara su riƙa zuwa suna ciniki suna komawa, amma suka matsa, suka gina ganuwarsu ta dutse bakin ruwa. Ita ce Elmina. Ku lura, kusan lokaci guda a ke ginin Gidan Rumfa da ƙasa a Kano, a ke ginin Elmina da dutse a bakin teku. Zinariyar da ta saba hawa raƙumi ta yi arewa, wani kashi nata ya juya kudu ya hau jirgi. Abin takaici kuma, da me suka riƙa sayenta? Da tufafi da tagulla, har da bayin da suka sayo daga wajen Binin suka sayar wa masu haƙar zinariya.

Juwau bai tsaya nan ba. Ya ƙara wa kansa suna Ubangijin Gini, alhali ban da 'yan ganuwoyinsa na bakin ruwa ba shi da ko taki ɗaya a ƙasar. Ya aiki Diyogo Kawo ya kai bakin kogin Kwango. Ya aika da manzanni wajen sarakunan Malle da Tambutu. Cikin 1487 mutanensa suka buɗe gidan ciniki a Wadan, cikin hamadar Muritaniya, don su tare ayari tun bai kai Maroko ba, amma abin bai yi ƙarko ba, hamada ta fi ƙarfinsu. Cikin 1488 Diyas ya zagaya ƙarshen Afirka ta kudu. Cikin 1494 kuwa, a garin Tordesilas, wakilansa da na Sifen suka ja layi bisa taswira suka raba duniya biyu, yamma ta Sifen, gabas ta Fotugal. Bisa ga wannan takarda Kano da Katsina da Agadas da wannan wuri da mu ke zaune duk sun faɗa rabon Juwau. Rumfa na zaune cikin fadarsa a wannan shekara, ana busa masa kakaki, ba wanda ya shawarce shi. Irin wannan rabo ne aka sake yi a Balin cikin 1885, sai dai a karo na biyu masu rabon suna da bindigar da za su zo karɓa.

Ƙarshen Juwau bai yi daɗi ba. Ɗansa na aure guda ɗaya, Afonso, doki ya kā da shi ya mutu cikin 1491. Shi kansa ya mutu cikin 1495 yana da shekara arba'in, sarauta ta faɗa hannun Manuwel, ƙanen mutumin nan da ya soke. Manuwel ne ya ci gajiyar shukar, gama cikin 1498 Basko da Gama ya kai Indiya ta teku, shekara guda kafin rasuwar Rumfa.

Rumfa shi ya fi shi sa'ar magada. Matarsa Auwa ta haifi Abdullahi, wanda ya gaje shi daga 1499 zuwa 1509, ta kuma ga jikanta Muhammadu Kisoki ya hau, ya yi mulki har 1565, tana da babbar murya cikin sha'anin fada. Sarki goma zamani goma, amma tsarin da Rumfa ya kafa ya zauna. Ko da jihadi ya kawar da sarakunan Haɓe daga Kano wajen 1807, sarakunan Fulani gidansa suka shiga, suka riƙe yawancin sarautun da suka tarar, har yau kuwa nan ne fadar Kano.

Kada ku zaci jirgin ruwa ya kashe raƙumi nan da nan. An ƙara shekara ɗari huɗu ayari na tafiya. Cikin watan Janairu 1851 wani Bajamushe, Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya biyo ayarin gishiri na Kel Awai ya ratsa Damargun nan, a Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, ya rubuta cewa ƙasarmu ita ce rumbun Abzin. Da ya isa Kano ya tarar da saƙi da turkuɗinta na kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Kasuwar Rumfa ce ke wannan aiki. Abin da ya karya ayari ya zo daga baya, ta bakin teku kuwa ya zo. Faransawa suka ci Damagaram cikin 1899, Ingilishi suka fasa ganuwar Kano cikin Fabrairu 1903, aka ja iyaka tsakaninmu da kasuwarmu, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Kayan da ke hawa raƙumi wata da watanni zuwa Tarabulus sai ya gangara Ikko cikin 'yan kwanaki. Ƙofar da Juwau ya buɗe cikin 1482, a wannan lokaci ta haɗiye ta arewa, Damargu da ke tsakiyar hanya ta koma gefen daji.

Su kuwa mutanen Fotugal, Elmina ta kuɓuce musu cikin 1637, mutanen Holan suka ƙwace ta, ta zama babban kurkukun bayi masu jiran jirgin Amurka, daga baya ta koma hannun Ingilishi cikin 1872, har Gana ta sami 'yanci cikin 1957. Su ne suka riga sauran Turawa shigowa Afirka baƙar fata, suka kuma fi kowa taurin kai wajen fita. Nijar ta sami mulkin kanta ran 3 ga Agusta 1960, amma Gini Bisau sai 1974, Angola da Mozambik sai 1975, bayan an sha yaƙi shekara da shekaru.

Kano ta sami malaman da suka rubuta mata jerin sarakunanta, shi ya sa na iya tsayawa gabanku in ce shekara kaza aka yi kaza. Namu na Damargu yawancinsa na cikin kawunan dattawa. Saboda haka ina roƙon iyayena, duk wanda ya ji labarin ayari daga bakin ubansa ko kakansa, sunan madugu, da rijiyoyin da a ke sauka tsakanin Agadas da Damagaram, da mudu nawa na gero a ke ba da kantu guda, da wanda ke karɓar fito a hanya, ya yi wa Allah ya leƙo lakwal ranar kasuwa bayan la'asar. Akwai takarda da alƙalami, akwai tabarma, zan kuma sa manyan yara su zauna su ji. Mai Tamashek ko Barbarci ya zo da harshensa, akwai mai fassara.